Fantastic: kalmar da ta fara da "ƙarya ce" ta koma "ya yi kyau"

'Yan uwa ɗalibai, musamman 'yan mastas da babi na biyu ya hana barci a wannan zangon. Rubutun yau da ɗan tsawo. Wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare.

Akwai wata kalmar Turanci da ta cika mana kunne a Abuja, wato fantastic. Ɗalibi ya gama gabatar da takarda a semina, malami ya gyaɗa kai ya ce fantastic. Dillalin filaye ya kai ka bayan Kuje, ya nuna maka fegi a gindin dutse, ba hanya ba ruwa, ya ce wurin nan fantastic ne. A wurin dinar biki kuwa, mai riƙe da makirfo zai faɗe ta sau ashirin kafin a yanka kek. Mu ma mun ɗauka, har mun sa mata rigar Hausa: "Kai, shinkafar nan fantastik ce."

To ga abin da nake so mu duba. Kalmar ta shiga Turanci tun ƙarshen ƙarni na 14, amma ma'anar yabon da muka sani ba ta bayyana a rubuce ba sai wajen 1938. Wato ta yi sama da shekara 500 a bakin Turawa ba ta nufin "ya yi kyau". Abin da take nufi a duk tsawon wannan lokaci ya fi kusa da "babu shi", "a kanka kawai yake", ko ma "ƙarya ce". Kuma tsohuwar ma'anar tana nan da ranta, tana jiranmu a wuraren da za ta iya yi mana illa.

Asalinta Girkanci ne. Suna da aikatau phainein, ma'ana a nuna abu, a fito da shi fili. Daga nan aka samu phantasia, wato hoton da ke bayyana a zuciyar mutum ko da abin ba ya gabansa. Rufe idonka yanzu ka tuna ƙofar gidanku a Funtuwa ko Gusau. Wannan hoton da ka gani ido a rufe, shi ne phantasia. Aristotle, a littafinsa kan rai, ya ce sunan daga kalmarsu ta haske ya fito, don ba a gani sai da haske. Daga tushen nan ɗaya Turanci ya samu fantasy, da phantom wato fatalwa, da phenomenon ɗin da 'yan kimiyya ba sa iya rubuta shafi ɗaya ba su sa shi ba. Hatta fancy ba komai ba ce illa fantasy da baki ya gajarta.

Nan ne labarin ya ratsa ta gidanmu. Lokacin da aka fassara littattafan Girkawa zuwa Larabci a Bagadaza, yawanci khayal da takhayyul aka yi amfani da su wajen wannan ma'ana. Amma kalmar Girkancin ita ma ta shiga da ƙafarta. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, da yake lissafa gaɓoɓin ji na ɓoye, na farkonsu ya kira shi fanɗasiya, ya ce shi ne matattarar da gani da ji da shaƙa da ɗanɗano da taɓawa suke zuba abin da suka kwaso, kuma mazauninsa ɗakin gaba na ƙwaƙwalwa. Likitocin wancan zamani, Musulmi da Kirista, sun ɗauki ƙwaƙwalwa kamar gida mai ɗaki uku: na gaba na surantawa, na tsakiya na tunani da hukunci, na baya na ajiya. A ƙarni na 12 aka fassara Alƙanun na Ibn Sina zuwa Latin a birnin Toledo na Andalus, ya zama littafin karatun likitanci a jami'o'in Turai shekaru aru-aru.

Saboda haka lokacin da kalmar ta iso Ingila ta hanyar Latin da Faransanci, kalmar likitoci ce. Geoffrey Chaucer, wanda ya mutu a 1400, yana cikin waɗanda suka fara rubuta ta. A ɗaya daga cikin labaransa akwai wani jarumi da ciwon so ya kwantar, ya rame, ba ci ba barci, sai Chaucer ya ce cutar ta sauka ne a ɗakin gaba na ƙwaƙwalwarsa, ya siffanta ɗakin da wannan kalma. Shi Chaucer ɗin ya san Ibn Sina, har ya ambaci sunansa cikin jerin manyan likitoci. 'Yan hostal da ke yin waya har ƙarfe uku na dare, kun ji inda matsalar take, a goshi.

Daga ɗakin ƙwaƙwalwa sai ma'anar ta koma kan abin da ɗakin ke haifarwa. Waɗanda suka karanta Macbeth a sakandare za su tuna wurin da Banquo ya ci karo da mayun nan uku. Ya tambaye su ko su na gaske ne ko idonsa ne ke masa gizo, kuma kalmar da Shakespeare ya sa masa a baki ita ce fantastical. Wannan wajen 1606 ke nan. A zamanin ne kuma aka riƙa kiran mutum da ita in ya cika kwalliyar banza, ɗan gayun da ya sa tufafin da hankali ba zai ɗauka ba. Ba'a ce zalla. Da Samuel Johnson ya fitar da ƙamusunsa a 1755, abin da ya jera a ƙarƙashin kalmar shi ne: wanda ba ya bisa hankali, wanda a zuciya kawai aka haife shi, marar tabbas, mai sauye-sauyen ra'ayi. Duba jerin daga sama har ƙasa, ba za ka ga yabo ko ɗaya ba.

'Yan adabi har gobe da wannan ma'anar suke aiki. In malamin adabi ya kira wani littafi fantastic, yana nufin irin labarin da aljanu da mutane ke cakuɗuwa a ciki. Muna da namu. A gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 aka samu Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, inda jarumin ya fara da yaƙi da Turawa ya ƙare a duniyar aljanu, da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Su ne fantastic ɗinmu na asali, ko sun burge mai karatu ko ba su burge shi ba.

To yaya aka yi kalmar "babu shi" ta zama kalmar "ya yi kyau"? Ni a ganina amsar tana bakinmu, ba sai mun je Ingila ba.

Ka saurari yadda muke yabo a hostal. "Yarinyar nan tana da bala'in ƙoƙari." "Miyar ta yi masifar daɗi." "Motar tana mugun gudu." Bala'i fa! Musiba fa! Kalmomin da in suka faru a gari sai an taru an yi addu'a, su muka ɗauko muka ɗora wa miyar kuka. Wanda ya iya lissafi mu ce aljani ne. Wanda ya iya ƙwallo mu ce maye ne, ko mu ce shege ne, kuma shi da kansa ya ji daɗi har ya yi murmushi. In ɗan wasa ya ci ƙwallo daga tsakiyar fili, gidan kallo kaf zai ɗauka da "ƙarya ne!" Kowa ya gani da idonsa, an ma maimaita a talabijin, amma abin da baki ya iya furtawa shi ne ƙarya ne.

Abin da ya sami fantastic ke nan daidai. In abu ya fi ƙarfin bakin mutum, "mai kyau" ta yi masa kaɗan, sai ya kai hannu ɗakin tsoro ko ɗakin ƙarya ya ɗauko kalma mai nauyi. Da farko cewa yake abin ya yi kyau har kamar ba gaske ba. A hankali "kamar ba gaske ba" ta faɗi a hanya, aka bar "ya yi kyau". Turanci cike yake da irin wannan. Terrific daga firgici take, ƙanwar terror ce. Tremendous daga makyarkyata. Fabulous daga tatsuniya. Incredible ma'anarta ta zahiri abin da ba za a yarda da shi ba. Awesome da awful uwarsu ɗaya, wato tsoro mai haɗe da girmamawa, amma ɗaya ta zama yabo ɗaya ta zama kushe. Harshe ba ya bin doka a irin wannan rabon gado.

Bambancinmu da su ɗaya ne. Mu har yanzu kunnenmu yana jin nauyin kalmomin. Ka ce wa kakarka tuwonta ya yi bala'in daɗi, za ta ce, "Kai ɗan nan, bar kira mana bala'i a kan abinci." Tana da gaskiya, don kalmar ba ta gama sanyi ba. Shi kuwa matashin Bature da ke cewa terrific, ko kusa firgici ba ya zuwa masa a rai. Irin waɗannan kalmomi kamar takardar naira suke, yawan shiga hannu ke cinye su. In ta yi laushi sai matasa su buga sabuwa. Shi ya sa fantastic ɗin malamin semina ba lallai ta wuce "to, madalla, na gaba ya fito" ba. Kada ka ji ta ka fasa gyara takardarka.

Bari in ɗan ratse, don ba zan iya wucewa ban faɗi wannan ba. Lemon Fanta da muke sha ɗan wannan dangi ne. A 1940, yaƙin duniya na biyu ya hana reshen Coca-Cola na Jamus samun sinadarin da ake kawo masa daga Amurka. Shugaban reshen, Max Keith, ya sa aka haɗa wani lemo da abin da ya samu, har da ruwan da ke saura in an yi cuku da tuƙar tuffa, aka yanko masa suna daga kalmar Jamusanci Fantasie. Mai ɗanɗanon lemon zaƙi da muka sani sai 1955 aka fara shi a Italiya. 'Yan uwanmu na Borno masu suna Fanta ku kwantar da hankalinku, naku daga Fatima yake, ba ruwansa da Jamus.

Yanzu mu zo ranar da kalmar nan ta shiga tarihin Najeriya. Yawancinmu lokacin muna ƙarshen sakandare ko ajin farko a jami'a.

Ranar Talata 10 ga Mayu 2016, an yi wata liyafa a fadar Buckingham ta cikar Sarauniya Elizabeth shekara 90. Firaministan Birtaniya na lokacin, David Cameron, yana tsaye da ita, kyamara na ɗauka, ya ce mata shugabannin wasu ƙasashe fantastically corrupt za su zo taron yaƙi da cin hanci da ya shirya a Landan ranar 12 ga wata. Ya kama suna, Najeriya da Afganistan, ya ƙara da cewa wataƙila su biyun ne suka fi kowace ƙasa cin hanci a duniya. Babban limamin cocin Ingila na lokacin, Justin Welby, wanda ya san Najeriya tun yana aikin kamfanin mai, ya sa baki ya ce shi dai wannan shugaban ba mai cin hanci ba ne.

Wanda ma'anar yabo kaɗai ya sani, jimlar za ta ɗaure masa kai: ya za a haɗa "ya yi kyau" da cin hanci? Ai ma'ana ta uku ce Cameron ya ɗauko, wadda ke tsakanin tsohuwa da sabuwa. A nan kalmar mudu ce kawai, tana cewa abin ya kai inda hankali ba zai ɗauka ba, mai kyau ne ko mummuna. In da ni aka ba fassarar, ba zan ce "na ban mamaki" ba, don ta yi tsabta da yawa. Cewa zan yi, "ƙasashen da suka yi bala'in cin hanci." Ita ce ta ɗauko har da sautin, irin na mai hira yana ɗan murmushi a wurin shan shayi. Kuma ina ganin sautin ne ya fi ƙona wa mutane rai. Maganar cin hanci mu da kanmu muna yin ta kullum a tasha da masallaci da gidan rediyo. Amma a ɗauke ta a mayar da ita abin raha a gaban sarauniya, da kalmar da ake yabon kek da ita, wannan daban ne.

Washegari marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, Allah Ya jiƙansa, ya yi jawabi a wani taron ƙungiyar Commonwealth a Landan. Kowa na jiran ya nemi a ba shi haƙuri. Sai ya ce shi ba ya neman kowa ya ba shi haƙuri, abin da yake nema a dawo da dukiyar da aka sace aka ɓoye a can. Me zai yi da ban haƙuri? Abin da hannu zai taɓa yake so. Da 'yan jarida suka tare shi suka tambaye shi ko Najeriya haka take kamar yadda Cameron ya faɗa, ya ce e. Ko kana cikin masoyansa ko kana cikin masu sukar mulkinsa, wannan amsa ta zauna. An jefe shi da kalmar da asalinta hoton zuciya ne, ya ce a ba shi abin taɓawa.

Ga kuma inda tarihin kalmar ya rama mana. A ma'aunin ƙungiyar Transparency International na 2015, wanda shi ne na baya-bayan nan a lokacin, Afganistan ce ta 166 cikin ƙasashe 168. Najeriya kuwa ta 136 ce. Ba matsayin alfahari ba ne, amma akwai ƙasashe kusan 30 a ƙasanmu. Ke nan cewa muna cikin biyun ƙarshe magana ce fantastic irin ta ƙamusun Johnson: a kan mai faɗarta kawai take. Kuma wata guda kafin nan takardun Panama suka fito da sunan asusun zuba jari da mahaifin Cameron ya kafa a ƙetare, har shi da kansa ya amsa cewa ya taɓa mallakar hannun jari a ciki ya sayar a 2010. Ba a ce ya karya doka ba, amma lokacin bai yi masa kyau ba.

Abin taɓawar fa, ya zo? Wani abu ya zo. A watan Maris na 2021, nan Abuja, aka sa hannu kan yarjejeniyar dawo da fam miliyan 4.2 da aka ƙwato a shari'ar James Ibori, tsohon gwamnan Delta da kotun Landan ta ɗaure shekara 13 a 2012. An ce za a zuba kuɗin a ayyuka uku: gadar Neja ta biyu, hanyar Legas zuwa Ibadan, da hanyar Abuja zuwa Kano. Duk wanda ke hawa mota a Zuba ko Jabi in an yi hutu ya san hanyar nan ta uku fiye da ni, shi zai faɗi wace ma'anar kalmar ta dace da ita.

To ina ruwan ɗalibi da duk wannan? Ruwansa babba ne, musamman 'yan tarihi, da 'yan shari'a, da 'yan kimiyyar siyasa.

Turawa sun ci Kano a Fabrairun 1903, suka ci Sakkwato a Maris, suka tafi a 1960. Ma'anar yabo ba ta fito a rubuce ba sai wajen 1938, kuma ko bayan nan maganar baka ce, jami'in gwamnati ba ya sa ta a rahoto. Saboda haka in ka je ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna, ko Arewa House, ka buɗe fayil ka ga Razdan ko Di'o ya kira iƙirarin wani hakimi kan iyakar ƙasarsa fantastic, ko ya kira adadin shanun da aka kawo masa na jangali da wannan kalma, ƙaryata maganar yake yi. Cewa yake ba ta da tushe. A ce ɗalibi ya karanta da kunnen 2020, ya rubuta a kundinsa cewa Turawa sun yaba wa hakimin. Ya juya hujjar a kife ke nan, kuma duk abin da ya gina a kanta ya rushe. Mafi muni, wani zai zo bayansa ya kwafa.

Haka a kotu. In alƙali ya kira labarin wanda ake tuhuma da wannan kalma a cikin hukunci, ba burge shi labarin ya yi ba, bai yarda da shi ba ne. Haka masanin tattalin arziki in ya kira hasashen kuɗin shiga na wani kasafi da ita.

Akwai 'yar dabarar da nake bi. In kalmar ta tsaya ita kaɗai, ko tana siffanta abinci, wasa, mutum ko aiki, kuma a baki aka faɗe ta, to yabo ne. In tana manne da labari, iƙirari, zargi, alƙaluma ko alkawari, kuma a rubuce take cikin takarda mai nauyi, tsaya ka sake karantawa, yawanci tsohuwar ce. In kuɗi ko yawa take siffantawa, mudun nan ne na Cameron. Sannan ka duba shekarar da aka rubuta takardar kafin komai.

A naka rubutun kuwa, shawarata kada ka sa ta a kundi ko kaɗan. Ka rubuta cewa shirin gwamnati kaza ya samu sakamako fantastic, mai karatu ɗaya zai ɗauka yabo kake, wani zai ɗauka ba'a kake, su biyun kuma za su tambaye ka adadi. Faɗi kashi nawa cikin ɗari, a shekara nawa, a ƙananan hukumomi nawa.

Waɗanda za su kare kundinsu a watan gobe, ga ta ƙarshe. In mai jarrabawa na waje, irin dattawan farfesoshin nan da suka yi karatu a Ingila, ya buɗe babi na huɗu, ya zare tabarau, ya ce alƙaluman teburin nan fantastic ne, kada ka yi saurin cewa na gode. Dubi fuskarsa tukuna, hannunka kuma ya riga ya kai kan takardun tambayoyin da ka raba a fili, don su zai nema.